Yadda Na Naɗa Maigidana Sarkin Fawa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja ayarin manyan mutane zuwa bakin ruwa ba, ni da ko lungunan kasuwar Yelwa ban gama sani ba. Ni mutuniyar gida ce. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare muka yi sallama da allo da alli. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da aka faɗa a gabana sau ɗaya ya zauna ke nan, har da tarin da mai maganar ya yi a tsakiya.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Kowa na ɗoki, kowa na tonon asalinsa, sai tsofaffin ɗaliban sakandaren garinmu suka ce su ma za su kafa ƙungiya, su yi taro, su tuna baya. Maigidana a can ya yi karatu. Malamin firamare ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, kuma Malam nake ce masa. Abokan ajinsa kuwa sabuwar jiha ta ɗaga su, wannan darakta ne a Birnin Kebbi, wancan da mota da direba.

A zaurenmu suka yi zaman shiri (don mu ne kusa da makaranta, ba don wani girma ba), ni kuwa ina bayan ƙofa ina tsince shinkafar da na riga na tsince. Aka raba muƙamai kaf. Can ƙarshe shugabansu, Alhaji Bala, wanda Malam ya sha ba ni labarin yadda suke raba ƙuli-ƙuli a ɗakin kwana, ya juyo ya ce, "Kai kuma abokina, tuna mini sunan." Da aka tuna masa, sai aka ba Malam aikin jera benci.

Malam ya shigo ya ci tuwonsa har da neman ƙari. Ni kuwa ko taɓa nawa ban yi ba. Na ce a raina, kafin a watse taron nan sai kowane mai babbar riga ya riƙe sunan mijina, ko da me zan yi.

To, a zaman nan na tsinci wata magana. Makarantar ba a kan tudun da take yanzu ta fara ba. Ƙaramar makaranta ce a tsohon gari, a bakin kogi, kafin a tare ruwa a Kainji ya hau ya ci wurin. Daga baya aka maido ta tudu, ta girma ta zama sakandare. Alhaji Bala ya ce tunda bazarar bana ruwa ya ja baya ƙwarai, da ma a samu mai kai su tsohon wurin, su yi addu'a, su ɗauki hoto. Amma dukkansu 'yan tudu ne, ba wanda ya san gurbin. Wanda ya sani, wani tsohon malaminsu Malam Dantani, ya koma Wara da zama, kuma an ce ƙafa ta kwantar da shi.

Ni kuwa Inna, Allah ya jiƙanta, a ƙofar tsohuwar makarantar ta yi sana'ar waina. Da labarinta aka yaye ni. Na san hedimasta mai keke da ba ya hawa sai dai ya tura shi don kada ya tsufa. Na san yaran tsibirai da ke tsallakowa a jirgi da littattafai cikin ƙwarya, da yaran Kambari da ke saukowa daga duwatsu da guzurin dawa. Na san ranar da aka ɗora benci a ka aka hau tudu, ruwa na bin sawu. Kuma Inna ba ta taɓa ba da labarin ba sai ta ce, ɗakunan da daɓen siminti, sumul, irin wanda ba kowa ke da shi ba a zamanin.

Na tasa Malam gaba. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin wurin da idona, na ce ai a can na girma. (Gaskiya ne. Sai dai a goye nake a bayan Inna, galibi ina barci.) Ya yi ta noƙewa, na yi ta naci, har ya je ya gaya wa Alhaji Bala cewa iyalinsa sun san wurin.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Kafin ranar na ja maƙwabciyata Ladi, bayan ta taso daga coci, muka gangara. Muka ratsa gonakin da ake yi inda ruwa ya janye, muka taka taɓo, muka sha rana. Can muka ci karo da wani dandamalin siminti mai faɗi, rabinsa cikin yashi. Zuciyata ta yi fari. Ladi ta zagaya shi ta ce, "Maƙwabciya, ke da kika ɓace a gidan bikin ƙanwarki, kin tabbata?" Na ce mata in ba makaranta ba, wa ke da siminti a wancan zamani? Ta ce to, ita dai ba da bakinta ba.

Ranar taro na ɗaura sabuwar atamfa. Bayan jawabai a makaranta aka ce a gangara. Ku zo ku ga daraktoci sun naɗe manyan riguna a kafaɗa, takalma a hannu, suna tsallen taɓo, ni da Malam a gaba. Da muka isa na gyara lulluɓi na shiga bayani, murya ƙasa-ƙasa kamar mai kunya, alhali daɗi kamar ya kashe ni. Akwai wani zoben ƙarfe a dashe cikin simintin, na ce nan ake ɗaure ƙararrawa. Akwai wata magudana da ta ratsa gefe, na ce nan yara ke alwala. Sauran labarin Inna duk na zuba shi, har da keken hedimasta.

Alhaji Bala ya tsuguna ya shafa simintin, ya ciro hankici ya share ido da shi, ya ce daga nan haskensu ya fito. Wani darakta ya ɗebi yashin wurin a leda zai kai wa 'ya'yansa. Wata Hajiya, ma'aikaciyar jinya, ta ce ita har wani ƙamshi na da take ji. Aka yi fatiha, wani fasto a cikinsu shi ma ya yi tasa addu'ar. Sannan Alhaji Bala ya kama hannun Malam, ya kira sunansa cikakke, har da na mahaifinsa (ba zan faɗa ba, kun san mu da sunan miji), ya ce a gode masa. Aka jeru, Malam a tsakiya, mai hoto ya ɗauka. Na ce yau ko mutuwa na yi na gama aikina.

Ana cikin haka muka ji babur. Ashe Malam Dantani ya ji labarin taron ya ce ko a kan gado sai an kawo shi. Ɗansa ya sauke shi, ya tako a hankali yana dogara sanda, tsofaffin ɗalibansa na ta zubewa suna gaisuwa. Ya dubi dandamali, ya dube su.

"Mi kuka yi nan?"

Alhaji Bala ya yi masa bayani. Tsohon ya matso kan dandamalin. Sai ya ƙwanƙwasa zoben ƙarfen nan da sandarsa.

"Wanga ƙarfe shanu aka ɗaure ma. Wagga magudana kuwa jini ka bin ta. Bala, mahauta ce kunka zo."

Ya ɗaga sandar ya nuna can tsakiyar ruwa, inda wani masunci ke jefa birgi, ya ce makaranta tana ƙarƙashin can, ba bazarar da ke fito da ita. Sannan ya tambaya wa ya kawo su.

Na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi a kan siminti nake. Darakta ya juya baya yana zazzage ledarsa a hankali. Hajiya ta ja gyale ta toshe hanci. Alhaji Bala ya tsaya yana kallon hankicinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ƙafata ta ce in gudu, na ce ba inda za ni, ni na dafa ni zan ci. Na matso na durƙusa na ce, "Baba, ni ce." Ya ƙura mini ido, ya tambaya ko ni ce ɗiyar mai waina, na ce e. Ya ce Allah ya jiƙan Inna, ba ta yi ƙarya ba, makaranta da simintinta, sai dai mahauta ma gwamnati ta yi mata nata.

Abin da ya fi ci mini rai Malam ne. Na ɗauko shi daga jera benci na kai shi tsakiyar abin dariya. Ban iya ko kallonsa ba. Sai na ji muryarsa, a sanyaye kamar kullum.

"Ranka ya daɗe, ai ba mu yi ɓatan kai sosai ba. Duk wanda ya sha bulalarka ya san makarantar nan da mahauta ba su da nisa."

Malam Dantani ne ya fara dariya har sanda ta faɗi. Fasto ya zauna daɓas a kan simintin yana riƙe ciki. Daga baya wani ya dubi maigidana ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Fawa," kowa ya amsa. A nan suka tsaya suna fuskantar ruwa, tsohon ya ba su labarin makarantar da bakinsa, aka sake wata fatihar. Ni kuwa na koma na raba shinkafa da kifi kaina a ƙasa, Ladi na zungurina tana tambaya ko a zuba wa baƙi naman mahautarmu.

A gida na ba Malam haƙuri. Ya ce shi tun da ya gama makaranta bai taɓa yin dariya da mutanen nan irin ta yau ba, in kawo tuwo.

Har yau ba a zaman ƙungiya sai an aiko mota ta ɗauki Sarkin Fawa, kuma Alhaji Bala ba ya shigowa Yelwa bai tsaya ƙofarmu ya yi gaisuwar fada ba. Na roƙi Allah su riƙe mijina, sun kuwa riƙe shi gam, sai dai ban faɗi da wane suna ba. Yanzu in aka tambaye ni labarin da, ina bayarwa har da gishiri. Amma in aka ce in zo in nuna wurin, sai in ce ƙafa ke damuna.