Heda da Hudu'i

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da Allah Ya ƙara mini wasu shekaru saba'in, da Asabar ɗin da na tafi ɗaurin auren ɗan ƙanena a Bagama, ina wakilin ango.

Ina da tsohuwar akori-kura da nake ɗauko masara da ita daga gona. Tsufa ya kama ta kamar yadda ya kama mai ita, har ta kai idan ta ɗauki kaya ta doshi hawa sai ta yi ta nishi. Na kai ta garejin Sale, bakanikena na Madalla. Ya saurari injin, ya ce, "Malam, numfashi ne ya yi mata kaɗan. A sa mata heda, a canza salansa, za ka ga aiki."

Ya nuna mini abin: bututan ƙarfe ne masu lanƙwasa da ake ɗaurawa a jikin inji a madadin na asali, domin hayaƙi ya fita da sauri. Ni kuwa ban kula da ƙarfen ba, kalmar ce ta ja hankalina. (Wanda ya shekara arba'in yana karantar da nahawu da lugga ba ya barin kalma ta wuce bai tambayi asalinta ba.) Na ce, "Sale, ka san daga ina heda ta fito? Larabci ce. Daga hudu'i take, wato natsuwa da lafawar sauti. Ka ga ke nan motar za ta yi shiru."

Sale ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Haka ne, Malam."

Na dawo gida ina jin daɗin na sanar da bawan Allah abin da bai sani ba game da sana'arsa.

To, mahaifin amarya, Alhaji Mudi, mutum ne mai tsanani da cika magana. Tun ranar da muka je neman aure ya kafa sharaɗi guda: ba ya son jerin motoci da babura masu ƙara a ƙofar gidansa, idan kuwa aka yi, a ranar ba zai ba da 'yarsa ba. Ni ne na dafa ƙirji na ce, "Alhaji, wannan amana ce a wuyana." Har na tara samarin danginmu na yi musu nasiha mai tsawo.

Sale ya kawo motar ranar Juma'a ina masallaci, ya bar makulli a gida. Sai da safiyar Asabar na sa babbar riga, na naɗa rawani, na tayar da ita. Inna lillahi! Ta saki wata ƙara, tantabarun maƙwabcina suka tashi gaba ɗaya. Na ce a raina sanyin safiya ne, idan ta yi ɗumi hudu'in zai sauka. (Haka mai ilimi yake: idan hujja ta ƙaryata shi, sai ya nemo mata tawili.) Lokaci ya ƙure, goro da alewa suna baya, na kama hanya.

Hudu'i bai sauka ba. Layin gidan Alhaji Mudi kuwa matsattse ne, katanga dama da hagu, sai ƙarar ta ninku. An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna, liman yana gyara murya. Ina shigowa jama'a suka miƙe, wasu suka bar takalmansu. Na yi sauri na kashe ta, ita kuma ta yi sallama da wata fashewa kamar bindiga.

Na ji muryar Alhaji: "Wane marar kunyar yaro ne wannan? Ku fito mini da shi!"

Aka buɗe ƙofar motar. Marar kunyar yaron ya sauko da farin gemunsa da carbi a hannu.

Alhaji ya ce, "Malam, wa ya ɗaukar mini alkawari?" Na ce, "Ni ne." Na hangi ɗan ƙanena, ango, ya sunkuyar da kai, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Na ga babu abin da zai cece shi sai gaskiya, don haka na tsaya a gaban jama'a na zayyana komai, har da darasin da na ba Sale.

Liman, wanda tare muka yi karatu a zaure ɗaya, ya ce, "Ai Malam bai yi kuskure ba. Kalmar tana cikin waɗanda malaman lugga suka ce suna ɗaukar ma'ana da akasinta. Shi ya ɗauki ɗaya, motar ta ɗauki ɗayar."

Dattawa suka fashe da dariya. Alhaji ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya ce, "Za a ɗaura. Amma wallahi wannan motar ba za ta sake tashi a layina ba."

Aka ɗaura aure, aka shafa Fatiha. Sannan mutum shida masu manyan riguna suka tura ni har bakin titi, ina riƙe da sitiyari ina amsa gaisuwa ta taga.

Ranar Litinin na koma wurin Sale na ce don me bai gyara mini ba. Ya ce, "Haba Malam! Kai da kake fassara mana Alƙur'ani, ni ne zan ce maka ba haka ba ne?"

Domin adalci, motar ta ɗan ƙara ƙarfi a hawa, ba zan zalunci ƙarfen ba. Sai dai ƙarfin bai kai nauyin buhu biyu ba, ƙarar kuwa ta ishi unguwa uku. Mai tsere da mota ya sa abarsa, mai ɗaukar masara ya bar wa injinsa abin da maƙeransa suka ba shi. Na sa aka mayar da na asali a ranar.

Tun daga lokacin, idan mai sana'a ya ce mini "Haka ne, Malam," sai in ce ya dubi idona ya sake faɗa.