Ambulan Ɗin Surukina da Na Wanke

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na wanke wa surukina ambulan, kuma har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

A shekarun saba'in ne, ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, ban fi wata biyu da auren Binta ba. Mahaifinta, Baba Sule, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, yana zaune a Gyadi-Gyadi, kuma na lura bai gama yarda ina da hankali ba. Na ƙudurta sai na burge shi. Abu ɗaya ya haɗa mu, tara kan sarki. (Nawa a tsohon littafin rubutu nake manna su, amma ji nake duk Kano babu gwani kamata.)

Wata Asabar ya buɗe akwatin ƙarfe ya zaro wani ambulan, gefensa duk ya ƙone, ga wani tambari da aka buga masa. Ya ce, "Malam, je ka duba shi a natse. Ban taɓa ba kowa ba."

Ko tambarin ban karanta ba. Ina isa gida na yi yadda muka saba cire kan sarki: ruwan ɗumi a kwano, na jiƙa ambulan har kan sarkin ya saki. Na shanya shi, na bi shi da dutsen guga, takardar da ta zama kunu kuwa na watsar a kwata. Binta ta ce, "Malam, ka tambayi Baba?" Na ce ta bar wa masana abinsu.

Washegari na durƙusa a zaurensa, gaban abokansa, na miƙa masa kan sarkin a farin hankici, ina jiran yabo.

"Ina ambulan ɗin?"

"Ai na raba shi da dattin, Baba."

Ya ce, "Irin wannan kan sarkin gwangwani guda gare ni. Ambulan ɗin daga jakar wasiƙun wani jirgin sama da ya faɗi aka tsamo shi, tambarin nan shi ne shaida. Ƙunar nan ita nake ɓoyo shekara da shekaru. Wuta ma ta bar shi."

Wani abokinsa ya ce, "Sai ga ruwan ɗumi."

Na rasa inda zan sa kaina. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Har ya rasu, in na yi sallama sai na ji ya ce a hankali, "A rufe akwatin nan, Malam ya zo."

Tun daga ranar, ko tsumma na gani a gidan mutane ba na wankewa sai na tambayi tarihinsa.