Injiniya da Gangunan Surukinsa

Idan ana jero mutanen da Allah Ya yi wa baiwar hannu, da Injiniya ake farawa, a huta, a sha ruwa, sannan a waiwayi saura. Gaskiya bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, amma wannan asarar makarantu ce. Dillalin tsofaffin motoci ne. Motar da janwe ya jawo filinsa tana zubar da hanji, bayan kwana huɗu za ka same ta tana ƙyalli tana ƙanshi, kuma takan yi tafiya lafiya lau har mai saye ya sha kwana. Sunan Injiniya shi ya raɗa wa kansa, da ya ga jama'a suna ta jan ƙafa.

Mutum ɗaya ne ya hana shi sakat: surukinsa, tsohon makaɗi. Shekara goma sha huɗu Injiniya yana durƙusa masa, bai taɓa samun abin da ya wuce "lafiya lau" ba. Ga kuma mijin ƙanwar matarsa, likitan haƙori, wanda ya dasa wa tsohon haƙoran roba reras. Tun daga ranar, duk murmushin da Baba ya yi talla ce kyauta ga likita. Shi ya sa Injiniya ba ya son a riƙa ba da labarin ban dariya a gidan.

Ana haka sai ga takardar gayyata. Za a karrama ƙungiyar kiɗan su Baba a wani babban zaure ranar Asabar ta sama, kuma an roƙi mutum huɗun da suka rage da rai su hau su yi kiɗa sau ɗaya tak. Idon Baba ya yi rauni, dishi-dishi yake gani, amma da aka karanta masa takardar sai yatsunsa suka fara wasa a kan gwiwa. Gangunansa kuwa shekara goma sha ɗaya suna ɗakin ajiya: babba ta ƙafa, ƙanana uku, da farantan tagulla biyu. Tsatsa ta kama ƙarafa, fata ɗaya ta yage.

Matar Injiniya ta kira mai gyaran kayan kiɗa. Ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya ce a canja fatar da ta yage, a ɗiga wa notuna mai, saura kada a taɓa. Ya faɗi kuɗinsa. Injiniya ya dafe ƙirji.

"Don fata ɗaya? Haba uwar yara! Kina da Injiniya a gida kina kiran ɗan koyo? Mece ce ganga in ba mota marar taya ba? Da rubu'in wannan kuɗin zan yi aikin da Baba zai tashi tsaye ya rungume ni. Kada ki gaya masa, so nake ya sha mamaki."

"Baban yara, ka taɓa kaɗa ganga?"

"Likitanku ya taɓa zama haƙori?"

Ta juya ta koma aikinta, shi kuwa ya ɗauki hakan a matsayin mubaya'a.

Aka kwashi ganguna sai filin motoci. Nan basira ta ɓalle. Da ya leƙa cikin babbar ganga sai ya ga wani tsohon filo ya lanƙwashe a ciki. Ya zaro shi da yatsu biyu, ya ɗaga wa maƙwabtansa dillalai. "Ku ga ƙazantar masu fasaha!" Ya wurga a shara. Jikin sandunan da ke riƙe farantai duk guntayen salatif ne, kowanne a wani tsayi. Ya kankare su tas. Farantan sun yi duhu irin na shekaru. Ya sa musu samfefa, da ya ga abin na cin lokaci ya ari injin goge ƙarfe, har siraran layukan jikinsu suka ɓace, mutum na iya gyara gashin baki a cikinsu.

Katakon ganguna ya sha fila, ƙullin da ake cike lotsawar mota da shi, gwangwani guda, ciki da waje, don Injiniya ba ya aikin rabi da rabi. Fenti bai ci ko sisi ba, akwai ragowar ja na wata motar da aka fesa. Fata kuwa, ya yi dogon nazari ya gano cewa sabuwa ɗaya za ta kunyata 'yan'uwanta. Saboda adalci sai ya cire duka, ya bi su da ledar kujerar mota, baƙa mai sheƙi. Ya ɗauko sifana ya ɗaure kowane noti ɗaurin taya, har da taka sifanar da ƙafa. Ɗan tambarin ƙarfen kamfanin da ya ƙera gangunan ya ɓamɓare shi, ya manna sitikar filinsa, da lambar waya biyu.

Ranar Laraba matarsa ta leƙo. Ta daɗe a tsaye.

"Ina filon da ke ciki?"

"Mai shara ya tafi da shi, shi da tsofaffin fatun."

"Mai gyara fa ya ce shi ke daidaita amon babbar. Salatif ɗin nan kuma da shi Baba yake gane tsayin kowane abu, tun yana gani ma."

"Mai gyara!" Injiniya ya yi dariyar manya. "Mutumin da ke zuwa aiki da keke?"

"To ka buga ka ji?"

"In buga, fenti bai gama kamawa ba? Kin ga, shi ya sa ba a barin mata a gareji."

Ranar Juma'a da yamma aka jera ganguna a falon Baba, an lulluɓe su da zanin gado. Injiniya da kansa ya buga wa likitan haƙori waya har sau uku, don zumunci. Ya gyara murya.

"Baba, 'yan'uwa. Wasu suna gyara abin da ke cikin baki, inda ba mai gani sai an yi hamma. Wasu kuma Allah Ya ba su gyaran tarihi. Ban zo don a yabe ni ba. Abin da na kashe ma kunyar faɗa nake, saboda ƙanƙantarsa." Ya faɗa. Sannan ya yaye zanin.

Falo ya ɗauki ja da warin fenti. Aka kama hannun Baba aka zaunar da shi. Ya miƙa hannu inda faranti ya saba zama shekara arba'in, ya kama iska. Ya laluba sama, gefen farantin ya buge masa yatsa. Ya shafa sandar ƙarfe daga sama har ƙasa, a hankali, yana neman abin da babu. Ya taka ta ƙafa. Dib, kamar an rufe but ɗin mota. Ya ɗauki makaɗi ya gwada ɗaya daga cikin ƙananan. Faf. Ya taɓa faranti, ya yi ƙarar murfin tukunya da ya faɗi.

Baba ya ajiye makaɗan a kan cinya, ya juyo wajen da ya ji numfashin Injiniya.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Allah Ya yi albarka."

Injiniya ya kalli likita, ya lumshe ido. Baba ya ci gaba.

"Ka so tsoho ya fita kunya, ka je ka sayo masa sababbi. Na gode. Amma an cuce ka. Irin waɗannan na yanzu ba ganguna ba ne, kayan wasan yara ne. Wanda ya haɗa wannan bai taɓa jin kiɗa ba, ko a rediyo. Ka mayar masa tun bai rufe shago ba." Ya yi murmushi, haƙoran likita suka haska falon. "Gobe da nawa zan hau, ko da tsatsarsu. A ɗauko min su in ɗan motsa hannu."

Matar Injiniya ta naɗe zanin gadon tsaf, ta rungume shi a ƙirji.

"Ai ka ji Baba, Injiniya. Je ka ɗauko masa."