Ranar Da Na Hau Jakin Baba Ilyasu

Ko tsufa zai cinye min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa mutane jagora zuwa dutsen Kara ba. An haura shekara arba'in yanzu.

Lokacin ina ɗan shekara ashirin da huɗu, ina ɗinki a wata 'yar rumfa a unguwar Misfala. A Makka aka haife ni, kuma iyakar tafiyata a ƙafa ita ce daga rumfa zuwa Harami, sai Mina da Arfa in shekara ta zagayo. Amma fa akwai baki. Duk inda aka zauna hira ni ne na san ko'ina, ni ne na ga komai. Sau ɗaya tak na taɓa zuwa Ɗa'ifa, a bayan babbar mota, a kwance kan buhunan gishiri, ina amai tun daga fita gari har isa. Wannan tafiyar ce na mayar da ita labarin jarumta, har na riƙa cewa na san hanyar kamar tafin hannuna (ban taɓa ambaton motar ba, balle aman).

Baba Ilyasu aminin mahaifina ne. Tare suka taso a ƙafa daga kudancin ƙasar Zazzau, suka yi shekara shida a hanya, suna tsayawa noman auduga a Sudan kafin su ƙetare teku. Da mahaifina ya rasu, shi ya riƙe ni tare da ɗansa Usman, shi ya kai ni wurin koyon ɗinki. A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama babban yaƙin Turawa da kaɗan, tari ya kama shi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma mun fara ganin jini a ƙyallen da yake ɓoyewa a aljihu. Kowa ya gane, ba wanda ya faɗa.

Bayan alhazai sun watse, kaka ta ƙare, sanyi ya fara shigowa, sai ya ce yana da buƙata ɗaya. Ya ji an ce a gindin dutsen Kara, ta hanyar Hada, can wajen Ɗa'ifa, akwai daji mai itatuwa masu duhu kamar na garinsu. Shekara talatin rabonsa da ya tsaya a inuwar daji. Yana so ya gani. Usman ya yi ta ƙoƙarin hana shi, ya ƙi. Da aka zo maganar neman ɗan jagora daga Larabawan wurin, wa kuke tsammani ya buɗe baki? Na ce ai ɓata lokaci ne, ga ni. Abin da ban sani ba shi ne hanyar mota daban, hanyar Kara daban, ko kusa ba sa haɗuwa.

Mu huɗu muka tafi: Baba, Usman, ni, da Tanko maƙwabcinmu mai sana'ar ɗaukar ruwa, wanda kafaɗarsa ta yi kanta saboda sandar ɗaukar garwa. Mota ta sauke mu a wani ƙauye a kwarin Na'aman, muka kwana, da asuba aka ba mu aron jaki aka ɗora Baba. Tanko ya rataya salkar ruwa, Usman ya ɗauki guzuri, ni kuwa na karɓi ragamar jaki na shige gaba, kamar yadda ya kamaci jagora.

Da farko komai lafiya, don hanya ɗaya ce, ko makaho zai bi. Wajen hantsi muka shiga itatuwan da Larabawa ke kira ar'ar, gajeru masu kauri, ga ƙamshi kamar an kunna turare. Baba ya sa aka tsaya. Ya miƙa hannu ya tsinki ganye, ya murza, ya shinshina. Sannan ya fara ba mu labarin yadda yake bin yayarsa ɗiban itace yana yaro. Ban taɓa jin ya ambaci yana da yaya ba sai ran nan. Da mun juya daga nan, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Amma na ce a ƙara gaba, akwai inda ya fi nan kyau. Muka iske hanya ta rabu biyu. Na tsaya, na dubi sama, na dubi ƙasa, na gyaɗa kai irin na masani, na zaɓi ta hagu (dalilina kawai shi ne ta fi faɗi). Bayan azahar faɗin ya ƙare, ta koma sawun awaki, sannan ta ɓace gaba ɗaya. Gajimare ya sauko ya lulluɓe mu, har ba ka ganin wanda ke taku goma a gabanka. Aka fara yayyafi mai sanyi kamar allura. Usman ya cire mayafinsa ya ƙara wa Baba, amma tarin ya tashi, yana yi yana dafe wuyan jaki. Sau biyu Usman ya tambaye ni ko na tabbata, sau biyu na ce saura kaɗan.

A nan ne muka ji haushi daga saman wani falalen dutse. Na ɗaga kai, sai ga gwaggon biri, namiji, mai furfurar kafaɗa, ya yi girman ɗan maraƙi a idona, bayansa kuma wasu sun fi ashirin. Ya buɗe baki na ga haƙora. Abin da ya biyo baya ba ni na yanke shawararsa ba, ƙafafuna ne. Na saki ragamar jakin da marar lafiya ke kai, na kwasa da gudu ina kiran uwata da Larabci, "Ya ummi, ya ummi," matar da ta yi shekara tara a kabari. Ban yi taku ashirin ba na zurma cikin wani kwazazzabo, ƙafata ta dama ta lanƙwashe a ƙarƙashina.

Daga baya Tanko ya gaya min jakin ya zabura, saura ƙiris ya kayar da Baba, Usman ya tare shi. Baba ya sauko da kansa, ya ɗauki dutse ɗaya ya tsaya yana kallon birin, bai ma jefa ba, biran suka watse.

Da suka jawo ni sama, idon sawuna ya kumbura kamar tulu, gaban wandona kuma ya jiƙe sharkaf har gwiwa. Na ce salka ce ta zube min. Tanko ya dai gyara zaman salkar a kafaɗarsa.

Usman ya durƙusa gabana, muryarsa a ƙasa. "Don Allah, ɗan'uwa, ka gaya min gaskiya. Ka san hanyar nan?"

"A mota na je," na ce. "Ta wata hanyar."

Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya tashi ya juya min baya.

Baba ne ya karɓi jagoranci. Ya ce mu bi inda ruwan yayyafi ke gangarawa, don ruwa ba ya ɓata hanyar kwari. Matsalar ita ce ni. Ba na iya taka ƙafar. Tanko ya goya ni, muka yi 'yan taku, santsi ya kwashe mu tare. Usman ya gwada goya Baba don a ba ni jaki, shi ma ya zame. Rana tana yin ƙasa, sanyi yana ƙaruwa, kuma duk mun san ƙirjin Baba ba zai ɗauki kwana a wurin ba.

"Ku ɗora shi," in ji Baba.

Na yi rantsuwa ba zan hau ba, na ce su bar ni a nan. Ya dube ni ya ce, "Hau, ɗana. Na ga an bar mutane a hanya da yawa, ba zan ƙara gani ba. Ni ƙafata ta san aikinta."

Na hau. Saurayi mai jini a jika, wando a jiƙe, a kan jaki, tsoho mai tarin jini yana gaba a ƙasa yana dafe da kafaɗar ɗansa. Duk taku hamsin sai ya tsaya ya yi tari, ya tofar, ya sa ƙafa ya rufe da ƙasa don kada mu gani. Ni da nake sama ina ganin komai. Awa uku muka yi a haka.

Gab da magariba muka shiga ƙauyen. Mai jakin yana zaune da 'yan'uwansa a ƙofar gida. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya tambaya da Larabci ko haka al'adar Takaru, wato mu 'yan ƙasar Hausa, take, yara a sama, iyaye a ƙasa. Kafin wani ya amsa, Baba ya nuna ni, ya ce masa ai wannan ne marar lafiyar, shi muka kai shan iska. Suka yi min addu'ar samun sauƙi, wani har ya shafa min kai.

Baba bai sake tashi ba bayan mun dawo Misfala. Kwana goma sha tara ya yi. Ina zuwa kullum da sandata in zauna a bakin ƙofa, na kasa shiga, har ya aika aka kira ni. Na fara neman gafara, ya ɗaga hannu ya ce ya ga itatuwa, kuma ya sake jagorantar ayari sau ɗaya kafin ya tafi, me kuma ya rage. Mutane sun ce kwanansa ne ya ƙare, dama ciwon ya ci shi. Na san haka ne. Na kuma san wanda ya zaɓi hanyar hagu.

Ranar jana'iza ina ɗingishi a bayan mutane, sai Usman ya waiwayo, ya kamo hannuna, ya sa kafaɗata a ƙarƙashin makara. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba. Tanko ma haka. Labarin wandon nan ba wanda ya ji shi sai yau, daga bakina.

Abin da na koya ba shi da yawa. "Ban sani ba" kalma uku ce, ba ta karya ƙafar kowa, ba ta saukar da tsoho daga kan jaki. Tun daga lokacin, ko baƙon alhaji ya tsayar da ni a Misfala yana tambayar hanyar Harami, ga hasumiya muna kallo ni da shi, nakan nuna masa, sannan in ce ya ƙara tambaya a gaba.