Rasuwar Goggo, Tsohuwar Manhajar Shafinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Kula da Saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin wannan ofis, yake sanar da abokan aiki da masu sayayya rasuwar Goggo, tsohuwar manhajar da ke karanta rubutun shafinmu na intanet tana aiwatarwa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakin nan mai sanyi na bayan matakala, tana tsaka da aiki.

Marigayiya ta zo ofishin nan tun kafin a sa wa tagogi labule. Waɗanda suka ƙera ta sun daɗe da yafe ta, sun ce a sauya, amma Mai Kula ya rubuta umarnin da ya ɗaure ta a inda take, don kada wata sabuntawa ta taɓa ko gefen zanenta. Mai kawaici ce. In ranta ya ɓaci ba ta zagi, sai ta nuna wa mai sayayya farin shafi fes, ta yi gum, fankar saba na ta "wuuu". A duk ginin mutum ɗaya ne ya san lallashinta, wato Mai Kula: ya buɗe baƙin allon rubuta umarni, ya tsayar da ita, ya ɗan jira ta huce, ya tashe ta. Da wannan lallashi ya ci abinci shekara da shekaru, domin duk sanda aka zo rage ma'aikata, Manaja kan iso kan sunansa ya ce, "A bar wannan. In ya tafi, wa zai iya da tsohuwar?"

Ba ta yi jinya ba. Ran nan Mai Kula ya buɗe baƙin allo biyu, ɗaya na sabar gwaji, ɗaya na ta gaske, kuma su biyun kamar tagwaye suke. Niyyarsa ya nuna wa Manaja, a kan ta gwaji, irin ɓarnar da za a gani duk ranar da aka taɓa Goggo. Ya kwance ɗaurin, ya ba da umarnin sabunta komai. Na'ura ta tambaye shi ko ya yarda a cire ta. Ya ce e, har da murmushi. Sai da rubutu ya gama gudu sannan idonsa ya kai kan sunan sabar da ke farkon layi. Ashe ta gaske ce. Ya ruga rumbun manhajoji don ya sake ɗauko Goggo, rumbu ya ce bai san mai wannan suna ba.

Ta rasu ta bar ƙananan manhajojin da ta goya, da fayilolin saiti marayu, da Mai Kula, wanda shi ne babban maraya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu abin da ya lalace. Sabuwar da ta gaje ta ta kama aiki ba ko tari, kuma ba ta neman lallashin kowa. Mai Amsa Waya ma ta leƙo tana cewa, "Oga, me ka yi wa shafin yau? Gudu yake kamar an biyo shi. Sannu da ƙoƙari!" Ya amsa da yawwa, ya juya wa ƙofa baya.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan abincin rana, a ɗakin saba, inda Mai Kula zai rubuta umarnin share sauran kayanta da hannunsa. Ba a buƙatar taro, ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu. Manaja ya aiko da ta'aziyya, ya kuma ce in an gama binnewa Mai Kula ya biyo ta ofishinsa, ya ɗan yi masa bayanin aikin da yake yi yanzu.

Ana karɓar gaisuwa a teburin Mai Kula. Masu zuwa su hanzarta, domin bayan ƙarshen wata ba mu da tabbacin za su same shi.