An Ci Marigayiya Tara

Ranar Talata da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina fama da jaridar da ta fi shayina sanyi, sai ga ma'aikaci a kan babur ya miƙo mini wasiƙa mai tambarin hukuma. Na duba bayanta, na ga sunan matata. Na ce masa, "Malam, mai wannan sunan shekararta huɗu a kabari." Ya ce, "Allah ya jiƙanta, Baba. Sa mata hannu a nan."

Na sa mata hannu. Da na buɗe, sai na tarar hukumar kula da hanya tana sanar da Marigayiya cewa ranar sha biyu ga wata ta keta jar danja a mahaɗar bakin kasuwa, kyamara ta ɗauke ta, don haka ta biya tara cikin mako biyu, ko ta bayyana a kotu. Har da hoto: ga ƙeyar tsohuwar motarmu, ga lambarta raɗau.

Jama'a, ku da ba ku san ta ba, bari in gaya muku wadda aka yi wa wannan ƙazafi. Malamar asibiti ce, shekara ashirin da bakwai tana tuƙi, ko gargaɗi ba a taɓa yi mata ba. Mace ce da za ta tsaya a danja ko da babu ko akuya a kan titi. Akwai ranar da fitilar ta lalace ta maƙale a kan ja, muka yi minti goma sha biyar a tsaye, na ce, "Malama, wannan fa ta mutu." Ta ce, "Ba a ba ni takardar mutuwarta ba." Abin da take taƙama da shi ke nan a duniya. Ba ta bar gwal ba, ba ta bar fili ba, ta bar lasisi mai tsabta a cikin gwangwanin allura da zare.

Wanda ke riƙe da sitiyari ranar sha biyu ga wata kuwa, ba sai an yi duba ba. Ni ne. Kuma laifina ne da takardun motar har yau suke ɗauke da sunanta. Ina gaya wa mutane layin ofishin ne ya kore ni. Gaskiyar ita ce duk shekara idan na je sabuntawa, ana miƙo mini sabuwar takarda da sunanta a buge, tawada ɗanya, kamar jiya ta fita. Hukuma kuma, Allah ya ƙara mata basira, ba ta taɓa tambaya ba. Ofishin da ya ba ni takardar mutuwarta yana hawa na biyu, wanda ke karɓar harajin motarta yana hawa na ɗaya, amma da alama matakalar da ke tsakaninsu tana cikin ayyukan da ba a kammala ba.

Na ɗauki wasiƙar na nufi shagon maƙwabcina mai aski, wanda ya san maganin komai ban da sanƙonsa. Ya karanta ya ce, "Baba, kai da ka cinye littattafai, ba ka san yanzu lauyoyi a waya suke ba? Akwai zaure a intanet, ka tambaya a ba ka amsa kyauta."

Na ce, "Kyauta? Lauya?"

Ya ce, "Wallahi. Ni can aka raba ni da mai gidan haya."

"Ai shi ya sa kake kwana a shago."

Duk da haka na shiga. Na rubuta matsalata cikin ladabi, da waƙafi da aya a inda suka dace. Kafin la'asar na sami amsa arba'in da ɗaya. Goma sha tara ta'aziyya ce, na gode. Wani ya ce in biya in huta, ba a ja da hukuma. Wani ya ce kada in biya ko sisi, shi takardun tararsa ya tara su yana kunna gawayi da su. Wata baiwar Allah ta ce tunda ni kaɗai ne yanzu, tana da yayar da ta iya tuƙi. Wani kuma ya tambaya ko motar ta sayarwa ce.

Can sai ga wani mai kiran kansa Barista, hotonsa da farin gashin nan na lauyoyi har kafaɗa. Shi kam ya san aikinsa, ba zan tauye haƙƙinsa ba. Ya ce, "Baba, ai kai ka ci shari'a tun kafin a zauna. Ba a cin matacce tara. Kai musu takardar mutuwa, ka yi shiru, a rufe fayil. Kada ka kuskura ka ce kai ne kake tuƙi."

Na tambaye shi, idan an rufe, me za a rubuta a kai?

Ya ce, "Za a rubuta: mai laifi ta rasu."

Na ce, "Mai me?"

Ya ce, "Baba, kalma ce kawai ta ofis. Wa zai karanta?"

Na kashe wayar. Wa zai karanta! Ni da na yi shekara talatin da ɗaya da ita na san ita za ta karanta, ranar da muka sake haɗuwa a lahira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Washegari na koma mahaɗar da ƙafa, don ni dai ban tuna na ga wata danja ba ranar. Ashe da dalili. Fitilar tana nan da ranta, sai dai an kafa wani ƙaton allo a gabanta, mai ɗauke da fuskar Mai Girma Uban Alkawura, Garkuwan Masu Jira, yana murmushi da haƙora talatin da biyu, an rubuta a ƙasa: MUN CIKA. Ba a faɗi abin da aka cika ba, amma na shaida an cika gaban danja. Sai ka zo daidai ƙarƙashinta ka ɗaga kai kamar mai neman jinjirin wata, sannan za ka ga ja ce ko kore. Kyamarar kuwa an ɗora ta can gefe inda babu abin da ya tare mata. A nan na sara wa masu tsara mana hanya: abin da zai hana ka laifi an ɓoye shi, abin da zai kama ka an goge masa ido. Na ɗauki hoto uku.

Ranar shari'a na sa rigar da ta fi so. An ce ƙarfe tara, mai shari'a ta shigo sha ɗaya da rabi, wata dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci, da ganinta ta gaji da jin ƙarya tun kafin a fara. Muna nan a jere a kan benci, direbobin haya da masu babur da wani mai sayar da katifa, kowa da takardarsa a hannu kamar masu jiran allura.

Sai magatakarda ya ɗaga murya ya kira sunanta, cikakke, har da na mahaifinta. Shekara huɗu ban ji an kira shi da ƙarfi haka ba. Ya sake kira. A na uku na miƙe.

Mai shari'a ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Kai ne ita?"

"Mijinta ne, ranki ya daɗe."

"Ita tana ina?"

"Tana inda ba a ɗage zama."

Na miƙa takardar mutuwa. Mai gabatar da ƙara ya karanta, ya yi gyaran murya, ya ce tunda mai laifi ta rasu, suna roƙon a rufe fayil. Mai shari'a ta ɗauki biro. Ga ƙofa a buɗe, kamar yadda Barista ya faɗa. Mai aski, da ya rako ni don kallo, yana ta ja mini riga ta baya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban yarda ba."

Ta ajiye biron. "Baba, an sallame ka fa."

"Ni aka sallama, ita an riƙe ta. Ba mai laifi ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni ne na tuƙa motar. In akwai laifi a rubuta shi da sunana, akwai wuri, ba farau ba ne. Amma nata shafin a bar shi yadda ta bar shi."

Mai aski ya ce a bayana, ba a hankali ba, "Shi ke nan, boko ya kashe Baba."

Sannan na miƙa hotunan. Mai shari'a ta daɗe tana kallon haƙoran Mai Girma. Ta juya ga mai gabatar da ƙara ta ce, "Nuna mini danjar a nan." Ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa, ya ce zai tuntuɓi ofis. Ta ce, "Kada ka wahalar da ofis. Ta nan nake bi kullum, ni ma sai yau na san akwai ta."

Ta yanke hukunci: a cire sunan Marigayiya, a rubuta cewa babu laifin da ta taɓa yi. Maganar danja kuma ta kore ta, don ba a kama mutum da ƙin bin umarnin da aka ɓoye masa. Na fara murmushi, sai ta ce, "Saura kai. Shekara huɗu kana yawo da takardun wadda ba ta raye." Ta ci ni tarar da ta ninka ta farko, ta ba ni wata guda in mayar da motar sunana. Ta ƙara da cewa, a hankali yadda magatakarda ba zai rubuta ba, "Allah ya jiƙanta. Da ganin mijin an san ta yi fama."

Na biya, ban yi ciniki ba. Na bi layin hawa na ɗaya kwana uku, aka miƙo mini sabuwar takarda da sunana tsirara, babu nata. Wannan ita ce tarar gaske, kuma babu rasit. Tsohuwar takardar na naɗe ta na sa a gwangwanin allura, kusa da lasisin, tare da kwafin hukuncin kotu. Barista da na ba shi labari ya ce a duk aikinsa bai taɓa ganin wanda ya ci shari'a ya roƙi a kayar da shi ba. Na ce masa bai taɓa auren Malama ba ne.

Allon Mai Girma yana nan, har an ƙara masa fitilu don a riƙa ganinsa da kyau. Ni kuwa duk sanda na iso mahaɗar sai in taka birki, in leƙa ta taga, in jira har sai na ga kore da idona, direbobin baya suna ta danna oda suna ambaton iyayena. Ba na ko waiwaye. Na san wadda ta koya mini.

Af, na kusa mantawa. Mai aski ya ce ya ga sunanta a jerin masu zaɓen unguwarmu, kuma wai a karon da ya wuce har ta fito ta kaɗa ƙuri'a. Ban yi mamaki ba. Na tabbata dai ta bi layi.