Yadda za ka rage kuɗin wutar injin ɗumi ba tare da ka rufe ƙofar baranda ba

Surukina Teuvo ya kafa mini injin ɗumi a bangon gida. Matarsa, 'yata Marjut, ta kwashe gatarina, ta ce tunda na zame a kan ƙanƙara da itace a hannu na karya ƙugu, na gama hura murhu. Ita take biyan kuɗin wuta. Da takardar kuɗin Janairu ta iso, ta ce in kuɗin bai sauko ba kafin ƙanƙarar tafki ta narke, zan bar gidan nan in koma wani ɗaki a saman bene a birnin Kajaani, kusa da ita.

Ni Aulis, karatuna bai yi nisa ba. Itace na sara a daji har ƙarfi ya ƙare. Amma hunturu guda ya mayar da ni gwani a wannan fanni. Bi matakan nan. Na yi maka alkawari za ka gano duk abin da ke cinye maka wuta, ban da abin da ba ka so a gano.

1. San abokin gabarka

An ce injin yana zuƙo zafi daga iskar waje, ya huro maka shi cikin ɗaki. Iskar da ke daskarar da majina a hanci. Kada ka yi musu, masu digiri ne suka faɗa. Rabinsa yana waje yana gurnani, rabinsa yana falo yana huci. Duka biyun ci suke yi.

2. San abin da ba za a taɓa ba

Kowane gida da nasa. Nawa yana baranda: bishiyar lemun tsami da matata Helvi ta shuka a rabin ganga tun Marjut ba ta shiga makaranta ba. Helvi ta rasu. Bishiyar ta fi ƙarfin ƙofa, ba ta shiga falo sai an sare ta. Ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba.

Barandar gilashi ce zalla, ba ta riƙe zafi. In aka rufe ƙofar da ke tsakaninta da falo, kafin gari ya waye bishiyar ta mutu. Don haka ƙofar a buɗe take dare da rana. Lokacin murhu ba mai magana, itacen dajina ne, daji kuwa ba ya aiko takarda.

To, ka san abin da za ka kewaye. Sauran matakan duk na kewayen ne.

3. Fara da laifin da ba ya ciwo

Ɗaga murfin injin falo. Akwai raga mai tace ƙura. Tawa ta yi gashi kamar karen maƙwabcina Kauko. Wanke ta, shanya ta, mayar da ita. Sai ka kira 'yarka.

"Na gano matsalar."

"Baba, ka tabbata ita kaɗai ce?"

"Na ce na gano."

Ajiye waya. Mai yawan bayani shi ake zargi. Wannan zai saya maka wata guda.

4. Ji tausayin injin waje

Dusar ƙanƙara tana binne shi, ba mai kula. Ɗauko katako ka yi masa ɗaki, ka rufe ta ko'ina, kamar yadda ake yi wa duk abin da ake so ya kai bazara. Nawa har fenti na yi masa. Kauko ya leƙo ta kan shinge.

"Aulis, akwatin gawa ka yi masa tun bai mutu ba?"

"Kai da ba ka iya buga ƙusa a miƙe ba."

"Iska yake ci, tsoho. Ka toshe masa hanci."

"Ka je ka taje karenka."

Injin zai rasa iska, ya yi ƙanƙara, ya ci wuta kamar ba gobe. Kada hankalinka ya tashi. Surukinka zai zo ya ɓalle katakon, ya dafa kafaɗarka, ya koma gida yana jin ya ceci gidan. Mutumin da ya gano matsala ɗaya ba ya neman ta biyu.

5. Nuna wa rimot waye mai gida

Akwai littafin bayani. Ƙarƙashin ƙafar tebur mai girgiɗi ne wurinsa. In ka ji sanyi, kai shi talatin. In ka yi gumi, kashe shi. Haka ake yi da murhu tun kakanni.

Teuvo zai ce, "Baba, ba murhu ba ne. A bar shi wuri guda, kada a riƙa taɓawa."

Gyaɗa kai. Wai abu yana gidanka, ka zuba masa ido yana abin da ya ga dama.

Akwai ma wani maɓalli da ke ba injin izinin yin tunani da kansa. Danna shi. Rana tana leƙowa ta taga, sai ya ga ɗaki ya yi zafi, ya fara hura maka sanyi. A ƙasar nan, a watan Fabrairu. Shi ma biya ake yi. Bar wa surukinka wannan ya gano a zuwa na gaba.

6. In surukinka ya kalli ƙofar, kai shi sauna, ɗakin wankan tururi

Wata Asabar Teuvo ya tsaya a tsakiyar falo, ya ɗaga hannu yana jin inda iska ke bi.

"Baba, wannan ƙofar ta baranda…"

"Ɗebo itace. Yau ranar sauna ce."

Ba a gardama a sauna, ko ɗan birni ya san wannan. Zaunar da shi a benci na sama. Da ya buɗe baki, zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi, tururi ya turnuƙe shi. Ya sake buɗewa, ƙara ludayi. Zai fito jajir, ya manta sunan garinsu.

Aibin wannan mataki ɗaya ne. Yakan huce a mota, matarsa kuma tana gefensa.

7. Ranar da dabara ta ƙare

Marjut ta zo ita kaɗai. Na ɗora kofi, ta ce ba ta sha. A gidan ubanta. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba, ta wuce ta tsaya a bakin baranda.

"Baba, ba gida kake ɗumamawa ba. Daji kake ɗumamawa."

"Daji bai yi ƙorafi ba."

"Ni na yi. Ba zan iya ba, Baba. Ina da yara, ina da nawa gidan."

Ta taɓa wani ganye, ta share ƙurarsa da yatsa kamar yadda uwarta take yi. Ta ce za ta yanki reshe ta dasa a tukunya, in ajiye a taga. Ta ce ko a sare kan bishiyar a shigo da gindin.

Na ce Helvi ba ta yarda a cire mata ko busasshen ganye ba.

"Mama ba ta cikin gangar nan, Baba."

Na san inda take. Ni na zaɓi dutsen kabarin.

Kafin ka ji ƙarshe, ga sanarwa. Duk wanda ya bi matakan nan kuɗin wutarsa bai sauko ba, ruwansa. In 'yarka ta daina kiranka, in ka tsinci kanka a saman bene kana kallon wurin ajiye motoci, kada ka zo gidana. Ban san ka ba, ban aike ka ba, kuma Kauko ba shaida ba ne.

Marjut ta kama hannun ƙofar. Ba ta ja ba, jira take in ja da kaina.

"Ko ka rufe ta yau, ko mu fara haɗa kayanka. Zaɓi ɗaya, Baba."

Na cire hannunta daga ƙofar, na ƙara danna guntun itacen da nake tokare ta da shi.

"Ba zan rufe ba. Kuma ba zan tashi ba."